Shanyar Kan Kwalta da Lasisin Baba

Mahaifina ba ya taka abinci. Duk wanda ya zauna da shi a Haɗeja wannan zai fara gaya maka, kafin ma ya tuna ya ce maka direba ne. In yana tafe a lungu ya ga lomar tuwo ko gutsuren burodi a ƙasa, sai ya ja ya tsaya, ya sunkuya da wannan ƙaton jikin nasa, ya ɗauke ya kai gindin katanga, sannan ya ci gaba da tafiyarsa. Muna yara abin haushi yake ba mu, balle in muna tare da ƙawaye. Ni da na fi kowa baki a gidan na sha ce masa, "Baba, ai kaji za su tsince." Sai ya ce, "To ai don su same shi da tsabta ne, Uwata."

Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa kuma bai taɓa iya faɗin sunan ba. Ita ce ta dasa masa wannan hali. Ban riske ta ba, amma na san labarin kamar a gabana aka yi, don wata ba ya ƙarewa bai ba mu shi ba. Wata shekara yana yaro aka yi yunwa a ƙauyensu da ke can wajen Baturiya, har mata suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ta tara. Shi ke riƙe ƙwarya, ita tana tono, tururuwa na cizon hannunta. Daga nan, in ji shi, ta ce duk ɗan da ta haifa da ya ɗora ƙafa a kan hatsi da gangan, ba ta yafe ba. Mun ji labarin nan har mun gaji. Da ya ɗauko shi sai mu fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, a bar shi da Inna, mahaifiyarmu, wadda ba ta da wurin gudu.

Tun ban san kaina ba yake jan motar haya tsakanin Haɗeja da ƙauyukan fadama, ran kasuwa ya leƙa har Birniwa. Ba ya shan komai sai shayi, ba ya cin komai a mota sai goro. Ba ya gudu, har fasinjoji masu gaggawa kan tsallake motarsa a tasha. Ba ya danƙara lodi. Ba ya ɗaga waya yana tuƙi ko da Inna ce ta kira, ita kuwa ba a ƙin ɗaga kiranta a kwana lafiya. Duk abubuwan da ake cewa suna raba direba da lasisinsa, Baba bai san hanyarsu ba. Lasisin nan wani baduku ya ɗinka masa 'yar jakar fata, kullum tana aljihun gaba na rigarsa. Ko masallaci zai je sai ya dafa aljihun ya ji tana nan. Shi ya koya mini mota bayan na fara aikin koyarwa, a filin makarantarmu da yamma, yana faɗa ina ramawa.

Abin da ya ja masa shi ne shanya. Wanda bai san ƙasarmu ba sai an yi masa bayani. In kogi ya cika ya malale fadama, ko bayan ruwan ya janye ƙasa takan daɗe da laima, lokacin ne kuma ake yankan shinkafa. Manomi ya yanke, ya buge, ya nemi busasshen wuri mai tauri da zai shanya ta ya rasa, sai kwalta. Don haka da kaka rabin titi na motoci ne, rabi na shanshera, wato shinkafar da ba a kai ta inji ba. A baza ta, a jera duwatsu ko reshen ƙaya a gefenta, mai ita ya koma inuwa yana korar awaki da tsuntsaye. An hana, an sake hanawa, amma ina za su kai ta?

Sauran direbobi ba ruwansu. In mota na tahowa ta gaba sai su hau gefen shanyar su wuce, mai shinkafa ya yi 'yan zage-zagensa, ya share ya gyara. Baba kuwa da ya hango ta a kan titi sai ya karya sitiyari ya koma hannun da ba nasa ba. A miƙaƙƙen wuri ne, a kwana ne, a kan gada ne, duk ɗaya ne a wurinsa. Lokacin da ya fara tuƙi hanyar ba kowa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da komai ba sai amalanken shanu. Yanzu fa babura ne kamar an yi ɓarinsu, ga masu ƙafa uku da ke ɗibar mutane daga ƙauye zuwa ƙauye. Shi dai yana nan yana tuƙa hanyarsa ta da.

Karo na farko da jami'an kiyaye haɗurra suka tare shi, furfurarsa suka gani suka yi masa nasiha suka sake shi. Na biyu suka rubuta masa tara. Ɗaya daga cikinsu ya yi masa bayani cikin ladabi cewa kowane laifi akwai makin da ake rubuta wa direba, in makin ya taru sai a karɓe lasisi. Baba ya dawo gida yana dariya. "Uwata, kin ji wai maki ake ba mu yanzu, kamar 'yan ajinki." Ni ban yi dariya ba. Na ce masa makin ajinmu in ya yi yawa kyauta ake ba yaro, nasu kuwa zaman gida ake ba mutum. Ko a jikinsa.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, a gaba kusa da shi, za ni suna a ƙauyensu. Da hantsi ne, gari garau. Akwai wata kwana dab da kwalbati inda ciyawar kacala ta yi tsawo ta tare abin da ke gaba, a daidai nan kuma wani ya baza shanyarsa har tsakiyar titi. Na ga hannun Baba ya motsa. Na ce, "Baba," ban ƙarasa ba. Babur mai ƙafa uku ya ɓullo daga bayan ciyawar, muka yi ido huɗu da direbansa. Ya kauce mana, ya gangara, ya kife a cikin ruwan gefen hanya.

Allah ya tsare, ruwan bai wuce gwiwa ba. Direban ya fito yana ɗingishi yana masifa. Fasinjarsa ɗaya ce, wata dattijuwa mai sayar da bandar kifi, za ta kasuwa da kwandunanta. Muka fito da ita jiƙe sharkaf, ta gurɗe a hannun hagu, kifinta kuwa ya watse a cikin ruwa da taɓo. Baba ya shiga da takalmansa yana tsamo kifin ɗaya-ɗaya yana zubawa a gaban rigarsa. Matar na zaune a bakin kwalta riƙe da hannunta, tana kallonsa. Da aka gaya mata dalilin da ya sa ya shigo hannunsu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ka tsallake shinkafa ka zubar da kifi. Shi ba abinci ba ne? Ni fa, da ke ciki?"

Baba da kansa ya kai ta wajen mai ɗori, ya zauna har aka gama. Jami'ai suka zo suka ga wurin, suka ce ya bayyana a kotun tafi-da-gidanka, wadda ke zama a bakin gari tana sauraron laifukan hanya.

Kafin ranar zaman na bi manyan tasha na tambaye su. Duk bakinsu ɗaya. Tunda ba a rasa rai ba, matar kuma ta ce ta yafe, in ya amsa laifinsa ya yi alkawarin ba zai ƙara ba, mai yiwuwa a tsaya a tara da gargaɗi. In ya tsaya taurin kai, ga laifukan baya a rubuce, lasisi ya tafi. Na same shi bayan la'asar a tsakar gida, yana zaune a tabarma yana juya carbi.

"Baba, magana ɗaya ce. Ka ce ba za ka ƙara ba."

"In na sake iske shanya fa?"

"Ka taka. Kowa takawa yake yi, sama ba ta faɗo ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Uwata ce da bakinta take cewa in taka?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce suna kawai na ci, ni ba ita ba ce, kuma da tana raye ta ga tsohuwar nan a cikin taɓo da ita za ta fara ja masa kunne. Na ce shinkafar da yake kare wa mutunci masu ita ma tsakiyar titi suka watsar da ita. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Inna ta leƙo daga madafi da muciya a hannu ta ce, "Ke, da ubanki kike magana." Na ja bakina, amma ban janye ko ɗaya ba. Tsoro ne ya sa ni faɗa. Na san mutumin nan in aka raba shi da sitiyari an raba shi da kansa.

Kotun a ƙarƙashin bishiyoyi take, tebur ɗaya da 'yan kujeru, direbobi da 'yan acaɓa tsaye a layi. Wanda aka kama da waya a kunne, wanda ya ɗora mutane a kan buhuna, wanda ba shi da lasisin ma sam. Kowa na zuwa da rantsuwarsa. Da aka zo kan Baba, alƙalin, wanda a haife Baba ya haife shi, ya karanta abin da aka rubuta, ya saurari labarin shanya har da na tururuwa bai katse shi ba. Ni ina gefe ina ta addu'a a zuci.

Alƙali ya ce, "Baba, in na bar maka lasisin nan yau, gobe ka iske shanya a kwana, me za ka yi?"

Baba ya dafa aljihun rigarsa. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ya riga ya saba. In na ce maka zan hau kanta, na yi maka ƙarya."

"Ban ce ka hau ba. Cewa na yi me za ka yi."

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To wanda bai san abin da zai yi a kwana ba, ba zan bar shi da rayukan mutane a mota ba."

Ya ce a riƙe lasisin na wasu watanni, kuma ba za a mayar ba sai an sake gwada shi. Baba ya zaro 'yar jakar fatar, ya buɗe, ya miƙa katin da hannu biyu kamar mai miƙa sadaki. Jakar ya mayar aljihu haka nan wayam. Na so in ji haushin alƙalin nan, na nema na rasa, don gaskiyarsa ce. Sai na juye haushin duka a kan Baba har muka dawo gida.

Motar aka ba wani direba yana ja. Baba kuwa ya zama abin tausayi, ya kuma zama fitina. Da ya dawo sallar asuba sai ya yi wanka ya sa kaya, ya dafa aljihu, sannan ya tuna ba inda za shi. Ya zauna a dakalin ƙofar gida yana yanke wa motocin mutane hukunci da kunne: wannan giyarta ta lalace, wancan yaron zai ƙona inji. Da ya gaji ya shigo ciki ya fara koya wa Inna yadda ake hura wuta, matar da ke dafa masa abinci tun kafin a haife ni. Ran nan ta kira ni a waya ta ce, "Zo ki ɗauke ubanki kafin mu yi abin kunya da tsufanmu."

Duk Juma'a Baba kan je ƙauye gaida yayarsa, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu. Tun da aka karɓe lasisin bai je ba, wai ba zai shiga motar yaran da ya koya wa tuƙi a matsayin fasinja ba. Sai na ce ni zan kai shi a 'yar motata. Ya yi ta ja, daga baya ya shigo yana ƙunƙuni. Tun daga bakin gari ƙafarsa ke taka birkin da babu shi a gefensa. "Rage. Canza giya. Wa ya koya miki haka?" Na ce, "Wani tsoho ne da aka ƙwace wa lasisi." Ya harare ni, gefen bakinsa na motsi.

Kaka ba ta ƙare ba, shanya tana nan. Tun daga gida na ƙudura a raina cewa yau sai na hau ta a gabansa, ya gani da idonsa ba abin da zai faru. Muka iso kwanar nan ta kwalbati. Ga shanshera an baza har tsakiyar titi, rana na dukanta, ga kacala ta tare gaba. Na riƙe sitiyari gam na nufe ta. Ban san lokacin da ƙafata ta bar totur ta koma birki ba. Motar ta tsaya cak, tayar gaba dab da duwatsun da aka jera.

Na kasa hawa. Ni da bakin nan nawa duka, na kasa. Komawa ɗaya hannun kuma ban isa ba, don na ga abin da ke fitowa daga bayan ciyawar nan. Muka zauna, injin na kaɗawa. Wani mai mota a bayanmu ya danna mana oda, ya zage mu, ya bi ta kan shinkafar ya wuce.

Baba ya dube ni, ya dubi shanyar. Sai ya buɗe ƙofa ya fita. Ya je inuwar da mai shinkafar ke zaune ya yi masa sallama, suka gaisa har da tambayar iyali, ya ari tsintsiyarsa. Ya ɗauke duwatsun, ya shiga ture shinkafar gefe a hankali, yana tara ta baki-baki. Mai ita kunya ta kama shi ganin dattijo a sunkuye, ya taso da sauri ya kama masa. Kafin wani lokaci sun buɗe hanya daidai faɗin mota. Baba ya koma gaba yana yafito ni da hannu biyu. "Taho, Uwata. Taho. Miƙe sitiyarinki."

Na wuce ko ƙwaya ɗaya ban taka ba. Ya shigo yana haki, ƙaiƙayi duk a hannun rigarsa. Muka yi 'yar tafiya. Can na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, har ta fito fili, har da hawaye.

"Ashe tsayawa ake yi," in ji shi.

"Da wa ya hana ka?"

"Direba ba ya son tsayawa in ba fasinja ya gani ba. Shekarun nan duka ni dai hannu nake tunani, dama ko hagu. Ban taɓa tuna ƙafa ba." Ya goge ido da bayan hannu. "Yaron nan alƙali tambaya mai sauƙi ya yi mini."

Juma'o'in da suka biyo baya suna cikin kwanakin da na fi jin daɗinsu a rayuwata. Baba ya sayi doguwar tsintsiyar kaba ya ajiye a bayan motata. Tafiyar da ba ta da nisa sai ta cinye mana rabin yini, don kowace shanya sai an tsaya, an gaisa, an tambayi yabanya da ambaliyar bana. Muna faɗa a hanya kamar kullum, ni in ce yana ɓata mini lokaci, shi ya ce ban iya kwana ba. Masu shinkafa suka gane motar, wasu na hango mu sai su tashi su janye da kansu. Mai kwanar kwalbati ma ya daina bazawa a wurin, wai ya gaji da jin kunya. Wasu kuwa ko gezau, har yau a nan suke shanyarsu. A dawowa mukan biya kasuwa wajen dattijuwar nan mai banda, hannunta ya warke, Baba ya sayi tarwaɗa. Kullum sai ta tsokane shi. "Malam, yau wa aka tsallake, wa aka zubar?" Shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Da wa'adin ya cika aka sake gwada shi, aka mayar masa da katinsa. Ya sa shi a jakar fata, ya dafa aljihu, Inna ta yi hamdala a fili cewa madafinta ya dawo hannunta. A lokacin shinkafar rani ta nuna, shanya ta dawo kan titi. Ranar da ya fara fita na ce sai na bi shi. Na ci kwalliya da sabuwar atamfa na zauna a gaba, mota cike da fasinjoji.

Ba mu yi nisa ba muka hango ta, an baza har tsakiya, ga mota na tahowa ta gaba. Idona na kan hannunsa. Bai motsa ba. Motarmu ta rage gudu, ta gangara gefe ta tsaya. Fasinjoji suka fara guna-guni, wani ya ce shi fa sauri yake yi. Baba ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Na ce, "Zauna, Baba. Kai direba ne." Na jawo tsintsiyar nan da ya dawo da ita motarsa daga ƙarƙashin kujera na fita.

Ina sunkuye ina ture shinkafar, ƙaiƙayi na bin sabuwar atamfata, na jiyo wani fasinja ta taga yana tambaya, "Direba, wace ce wannan kuma?"

Baba ya ce, "Uwata ce."